Ranar da Na Dafa Dillalin Gwaggo

In ka sauka a Shargalle, kan hanyar Katsina zuwa Daura, ka hau babur ka ce a kai ka Dutsi gidan malamin kimiyya, ɗan acaɓa zai waiwayo ya ce, "Wanne daga ciki?" Amma ka ce mashi Malam Katalis, ba zai ƙara tambaya ba, sai dai ka ga kafaɗunsa na rawa har ku iso ƙofar gidanmu. Ni ne. Ba ubana ya raɗa mani sunan ba. Da na so in ce ba a yanka rago ba ma, to amma gaskiya ranar da na samo shi an yanka rago, sai dai na ɗana ne.

Shekara tara na yi ina koyar da kemistiri a wata sakandare kafin wannan abu ya same ni, kuma a duk manhajar babu darasin da nake ji da shi kamar na katalis. Ranar da za a yi shi har guga nake sa a yi wa kaftanina. Ina da wani misali da na ƙago da kaina, wanda nake ganin ko a jami'a aka ji shi sai an tafa. Nakan ce wa yara: ku tuna kara ranar kasuwa. Ga mai saniya, ga mai saye, kowa na son ciniki, amma suna iya wuni suna hararar juna. Sai dillali ya ɓullo, ya ja wannan gefe ya yi mashi raɗa, ya kamo hannun wancan, kafin ka ce kwabo an sallama. Ya karkaɗe rigarsa ya nufi wata saniyar. Bai zama saniya ba, bai zama kuɗi ba, yadda ya zo haka ya tafi. To haka katalis yake a cikin sinadarai, yana gaggauta haɗuwar da ko ba shi za a yi ta a hankali, kuma ba ya ƙarewa a cikinta. Bambancinsu ɗaya, na sinadarai ba ya karɓar la'ada. A nan aji kan fashe da dariya, ni kuma in gyara zaman hula.

Daga nan sai in shiga zuba tarihi. In ce wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Berzelius, shi ya raɗa wa abin suna a 1835. In kawo masu Fritz Haber na Jamus, wanda a 1909 ya nuna yadda za a kamo naitirojin na cikin iska a mai da shi amoniya, uwar takin zamani, da Carl Bosch da ya mai da dabarar masana'anta a 1913. Dillalin da ke wannan aiki a masana'antu ƙarfe ne, kuma ba ya motsawa sai an gasa shi da zafin da ya kai wajen digiri 450, ga matsi mai tsanani. In ce masu ko katafaren kamfanin takin Ɗangote da ke Lekki a Legas, wanda ɗan Daura, Shugaba Buhari, ya buɗe a watan Maris na 2022, a kan wannan dabara yake tsaye. In rufe da abin da kanikawa ke kira indomi, wannan mai kama da saƙar zuma da ke cikin salansar mota, wanda ɓarayi ke yankewa saboda 'yan ƙarafa masu tsada irin su filatinam da ke jikinsa. Shi ma dillali ne, yana mai da mugun hayaƙi mai sauƙin illa, kuma shi ma sai salansa ta yi zafi yake fara aiki. Sai in ɗauki alli in rubuta da manyan baƙaƙe cewa zafi abokin katalis ne. In ƙara da ƙa'idar nan ta yau da kullum da ke cikin littattafai, cewa sau da yawa in ka ƙara zafi da digiri 10, saurin haɗuwa yakan ninka.

Shi kuwa enzayim, layi ɗaya nake ba shi, can ƙasan allo inda ƙura ke taruwa: enzayim katalis ne na jikin halitta. In wani ɗalibi ya ɗaga hannu, in ce, "Sauran ku tambayi malamin bayoloji." A raina abu ɗaya ne, an dai canja mashi riga. Shekara tara ina faɗin haka, yara na rubutawa, suna zana WAEC da NECO, ba wanda ya taɓa dawowa ya ce na cuce shi.

A ƙarshen Fabrairun 2023 Allah ya ba mu ƙaruwa, ɗa namiji, na biyu. Duk wanda ya rayu a ƙasar nan ya san wane irin wata ne wannan: ga zaɓen shugaban ƙasa, ga canjin kuɗi. Mutum na da dubu ɗari a banki amma ba shi da naira ɗari ta sayen ashana. Rago ma da taransifa na saye shi, bayan mun yi awa biyu ni da mai shi muna ɗaga waya sama kamar masu duban wata. Saboda haka da Gwaggo, yayar mahaifina, ta ce ita ta ɗauki nauyin kunun zaƙi na ranar suna, ji na yi kamar an sauke mani dutse daga ka.

Kunun zaƙin Gwaggo ba a faɗa. Har daga Mashi da Ingawa ake aiko mata in ana biki. Kuma ba ta sa sukari. A wurinta mace ta zuba sukari a kunun zaƙi kamar maharbi ne ya sayo zomo a kasuwa ya rataya a kafaɗa. Gero ta jiƙa, tiya shida, ya kwana, aka wanke aka kai inji tare da citta da kanumfari da masoro. Ta raba ƙullun biyu, babba da ƙarami. Ƙaramin shi aka markaɗa da busasshen dankalin Hausa, wanda ta yanyanka ta shanya tun kaka. Babban shi ake damawa da tafasasshen ruwa ya yi kauri kirtif. Sai a bar shi ya sha iska, sannan a juye ɗanyen ƙullun nan mai dankali a ciki, a motsa, a rufe, a bar shi ya kwana. Da safe za ka tarar abin da ka bari da kauri ya tsinke ya zama ruwa-ruwa, ga zaƙi, ga ɗan tsami-tsami a bayan harshe. A tace, a zuba a randa.

Duk wannan tun ina yaro nake gani, ban taɓa tambaya ba, don namiji ba ruwansa da bakin murhu. Abin da ya kai ni ranar jajibirin suna ƙarfi ne kawai. Bayan sallar isha'i Gwaggo ta gama dama babban ƙullu a wata tukunya da yaro zai iya wanka a ciki, ta aika a kira ni in kama a sauke. Muka sauke. Na ga ƙwarya a gefe an rufe da faifai, na ce, "Gwaggo, wannan fa?"

Ta ce, "Shi ne mai aikin. In ba shi, wancan tuwo ne. Shi ke tsinka shi ya kawo zaƙi."

"Ɗan wannan? A wannan uwar tukunya?"

"Ko rabinsa ya isa, in ka ba shi lokaci."

Wani abu ya haska a kaina kamar an kawo wuta bayan sati uku. Kaɗan ne, yana juya mai yawa, yana mai da sitaci sukari. Na ce, "Gwaggo, kin san abin da kike riƙe da shi kuwa? Ai katalis ne!"

Ta ce, "Ko kakan kwalisa ne, ka bar mani shi nan. Zan duba mai jego, in yi shafa'i da wuturi, kafin nan ya huce in zo in haɗa. Kai dai ka kula kada awaki su sa baki."

Awaki aka ce in tsare. Aikin da aka ba ni ke nan, aikin da ɗan shekara shida ke yi da kara a hannu.

Na zauna a kan turmi ina kallon tukunya na tururi, tausayin Gwaggo ya kama ni. Baiwar Allah, shekara arba'in tana wahala, tana jiran abu ya huce, alhali ilimi ya riga ya tabbatar zafi abokin katalis ne. Na tuna wani Kirchhoff, mai haɗa magunguna a birnin Sen Fitasbag na Rasha, wanda tun 1811 ya mai da sitaci sukari ta hanyar dafa shi da ɗan asid. Dafawa fa, ba jiran ya huce ba. Sai na karyi kara na fara lissafi a ƙasa. Gwaggo na haɗawa, a ƙiyasina, a wajen digiri 50. Ruwa na tafasa a 100. Tsakani akwai goma-goma sau biyar. Biyu, huɗu, takwas, sha shida, talatin da biyu. Ke nan aikin zai ninka sauri sau 32. Kwanan kunu awa takwas ne, minti 480, a raba da 32. Minti goma sha biyar cif! Ko saura babu. Duk wanda ya taɓa koyar da lissafi ya san daɗin da ake ji in rabawa ta fita ba saura, ji kake kamar sama ce ta sa maka hannu. Har na fara tsara yadda zan ba da labarin a ɗakin malamai.

Na kira wani almajiri da ke kwana a zaurenmu, muka mai da tukunya kan murhu. Na tura itace, na hura har idona ya yi ja. Da ta fara ɓal-ɓal, na ɗauko ƙwaryar nan na yi bisimilla na juye duka. Na kama muciya. Almajirin ya ce, "Malam, Gwaggo fa ba haka take yi ba." Na ce mashi, "Shi ya sa ake zuwa makaranta."

Minti biyar, muciya ta fara nauyi. Minti goma, sai da na sa hannu biyu. Na ce a raina wannan kaurin bankwana ne, irin duhun da ke zuwa gab da asuba. Da minti goma sha biyar ta cika na ƙara mata biyar na ihsani. Muka sauke, muka kinkima zuwa ɗakin ajiya, na rufe da faifai na lulluɓa buhu yadda na ga tana yi, na watsa wa garwashi ruwa. Gwaggo kuwa gajiya ta kayar da ita a kan abin salla. Na je bakin taga na ce, "Gwaggo, yi kwanciyarki, na hutar da ke. Na haɗa."

Cikin barci ta ce, "Ya huce dai ko?"

Na ce, "An yi komai bisa ƙa'ida."

Ku lura, ban yi ƙarya ba. Wannan ita ce hujjar da na riƙe daga baya, ba ta kuma cece ni ba.

Salatin Gwaggo ne ya tashe ni, tun ladan bai yi kiran farko ba. Na fito da gudu na zaci mai jego ce. Na tarar da mata sun yi da'ira a ƙofar ɗakin ajiya da fitilar waya. A tsakiya ga tukunyata, ga ludayi a tsaye cikinta, ƙiƙam, ba mai riƙe da shi, kamar an dasa tuta. Wata yarinya ta dangwala yatsa, ramin ya zauna yadda ta bar shi. Gwaggo ta sa wuƙa ta yanko kusurwa guda, ta ɗaga, abin ya yi rawa bai faɗi ba. Ta ɗanɗana. Ta dube ni tun daga hula har silifa.

"Ɗan nan, mai da shi wuta ka yi?"

Na gyara murya na ce ai matsalar daga dankalin take, wataƙila ya daɗe, ko kuma irin na zamani ne marar ƙarfi. Na fara bayanin digiri goma-goma. A nan ne na ji wata dariya daga bayan mata, dariyar da na sani tun tana rarrafe. Autar Gwaggo ce, taubashiyata, wadda duk watan cika-ciki sai ta tatse ni kuɗin shara. Tana aji uku a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, tana karanta bayokemistiri, kuma da ba don an rufe jami'o'i saboda zaɓe ba da tana can, da asirina ya rufu rabi. Al'ada ta ba ta lasisin ta ci mutuncina a gaban kowa, ga shi kuma boko ya ba ta makami.

Ta ce, "Yaya Malam, wai katalis ka ce?"

Na ce, "Ƙarya na yi? Enzayim ba katalis ba ne?"

"Katalis ne mana. Kowane wanzami mai aska ne. Amma in ka ga mutum da aska a hannu sai ka miƙa mashi jariri ya cire belu?"

Mata suka kwashe. Ita kuwa ta gyara tsayuwa, na gane darasi za a yi mani, irin wanda nake yi wa 'ya'yan mutane, sai dai ba allo. Ta ce abin da ke cikin dankalin nan sunansa amilas, kuma furotin ne, dangin farin ƙwai. Dogon zare ne da aka naɗe shi wani irin naɗi na musamman, har ya bar wani ɗan lungu wanda sitaci kaɗai ke shiga ya zauna daidai a datse shi. Ta ce wani Bajamushe, Emil Fischer, tun 1894 ya kwatanta abin da kwaɗo da ɗan makulli. Duk aikin a naɗin yake. Ɗumi na sa shi sauri, gaskiya ne, lissafina na goma-goma yana tafiya har wajen digiri 60 ko 70. Daga nan naɗin ya fara warwarewa, kafin ruwa ya tafasa an gama da shi. Ta ce, "Ka taɓa ganin mai shayi ya fasa ƙwai a kasko, sannan ya canja shawara ya mai da shi cikin ɓawo? To abin da ka yi wa dillalin Inna ke nan. Ƙarfen Haber in ka gasa shi ƙarfe ne. Wannan in ka gasa shi wainar ƙwai ce."

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce ɗanyen ƙullun da na juye shi ma sitaci ne, na dafa shi ya ƙara wa tukunya kauri. Sannan 'yan ƙwayoyin halittar da ke kwana suna kawo ɗan tsamin nan, dangin masu mai da madara nono, su ma na yi masu kisan kiyashi. Tukunya ɗaya, laifi uku.

Mutum in yana nitsewa ko kaifin takobi aka miƙa mashi kamawa yake. Na tuno wani abu da na taɓa karantawa lokacin korona. Na ce, "Ai akwai enzayim da ke jure tafasa! Wanda ake gwajin korona da shi, daga wata ƙwayar halitta aka samo shi a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yelosuton a Amurka."

Ta ce, "Akwai."

Gwaggo, wadda tun ɗazu ba ta ce uffan ba, ta ce, "A cikin dankalina yake?"

Na ce a'a.

"To."

Wannan "to" ɗin ta fi mari zafi. Na yi shiru ina neman mafita a cikin kaina. Na tuna Kirchhoff da asid ɗinsa, sai kuma na tuna asid ɗin da ya yi amfani da shi shi ne dai na ruwan batir, na hango kaina ina bayani a gaban alƙali. Na tuna cewa miyan bakin mutum ma na da amilas, shi ya sa in ka daɗe kana tauna tuwo kake jin zaƙi. Na dubi girman tukunya, na haɗiye miyau, na yi a'uziyya. Allah ya taimake ni ban furta wannan ba, da yanzu wani sunan nake amsawa.

Gwaggo ta yanke hukunci. Kashi ɗaya za a sirka da ruwan zafi a zuba sukari a kai wa maza wurin raɗin suna, tunda su da sassafe suke zuwa kuma, a cewarta, maza ba su san daɗin baki ba. Sauran za ta gwada ceto shi don yinin mata. Akwai ragowar busasshen dankali a buhu, amma mai inji bai buɗe ba, kuma ko ya buɗe sai da tsabar kuɗi. Ta nuna turmin da na zauna a kai jiya ina lissafi. Ta nuna taɓarya. Ta nuna ni.

Kafin daka sai da na fita neman sukari. Mai shagon farko ya ce ba ya karɓar taransifa. Na biyu ya ce yana karɓa, muka tura, kuɗi suka fita daga wurina ba su isa wurinsa ba, suna can har yau ina jin suna shawagi tsakanin Dutsi da Legas. Na uku tsohon ɗalibina ne, ya ba ni bashi, ya ce, "Malam, ba dai kunun Gwaggo za a sa wa sukari ba?" Kafin in dawo gida labari ya riga ni.

Aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka raba goro da dabino, aka fito da abin sha. Na zauna can gefe ina amsa barka da ido a ƙasa. Liman ya kurɓa, ya tsaya, ya sake kurɓa don ya tabbatar. Mutum ne mai kawaici, sai ya ce, "Masha Allahu. Wannan yana riƙe ciki." Wani abokin wasana daga baya ya ce a ba shi cokali. Wani ya ce in an rage a ajiye mashi, yana da fastocin ɗan takara da bai gama liƙawa ba.

Da maza suka watse na shiga cikin gida na kama taɓarya. Malamin sakandare, da sabuwar shadda ta angon ƙarni, yana daka a tsakar gida, mata sun kewaye shi suna gyara mashi riƙo. Busasshen dankali kuwa tsalle yake daga turmi kamar yana da rai. Taubashiyata ta jawo kujera ta zauna a gabana, wai don kada in ji kaɗaici, ta ci gaba da karatu. Ta ce tunda ina son Haber, in je gonarmu in tumɓuke gyaɗa ko wake in dubi 'yan ƙululun da ke jikin saiwa. A cikinsu akwai ƙwayoyin halitta masu wani enzayim da ke yin aikin nan na Haber, kamo naitirojin daga iska, a cikin ƙasa mai sanyin damina, ba wuta ba matsi. Shi ya sa gonar da aka haɗa gero da wake ba ta gajiya da wuri. Ta ce kuma kowane da kayan da yake dillanci: na ganyen gwanda nama yake tausasawa, na ruwan tumfafiya madara yake daskararwa, shi Fulanin wajen Ilori ke yin wara da shi, amma ka zuba su a kunu ba abin da za su tsinana. Ƙarfe irin filatinam kuwa dillalin kowace kasuwa ne, ayyuka iri-iri yake shiga. Ina daka, ina zufa, ina cewa "na sani". Ban sani ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya mani a rai, fiye da dariyar. Gwaggo ta jiƙa garin dankalin da na daka. Ta farfasa tuwon nan nawa da ruwan zafi, ta dama har ya saki. Sannan ta tsoma ɗan yatsanta, ta cire da sauri, ta jira. Ta yi hira, ta sallami wata baƙuwa, ta sake tsomawa, wannan karon yatsan ya ɗan jima. Ta ce, "Yanzu." Ta zuba, ta motsa, ta rufe. Na tambaye ta digiri nawa ne. Ta ce, "In yatsa ya iya yin salati guda a ciki bai gudu ba." Ina da ma'aunin zafi guda biyu a makaranta, cikin kwali, ban taɓa tunanin tsoma ɗaya a tukunyar gidanmu ba.

Kafin azahar aka buɗe. Abin da ludayi ya tsaya a cikinsa da asuba yanzu zuba yake daga ludayi kamar madara. Na ɗanɗana. Zaƙi, ba ƙwayar sukari ko ɗaya. Tsamin bai fito ba tunda bai kwana ba, Gwaggo ta yi ta ba mata haƙuri a kan haka, tana nuna ni da haɓa.

Bayan sati biyu, da kunya ta ɗan lafa, na ari littafin taubashiyata, bisa sharaɗin kuɗin sharar waccan shekarar zai ninka. A shafukan farko na ci karo da wasu Faransawa biyu, Payen da Persoz, waɗanda a 1833 suka tsamo wani abu daga tsiron hatsi mai mai da sitaci sukari, suka kira shi dayastas, suka kuma lura cewa tafasa na kashe shi. Wato shekara biyu kafin Berzelius nawa ya raɗa sunan katalis, an riga an san abin da na gano a tukunyar Gwaggo. Na makara da shekara 190. Kalmar enzayim kuwa Wilhelm Kühne ya kawo ta a 1877, daga Girkanci, ma'anarta "cikin yisti". Sai 1926 wani Ba'amurke mai hannu ɗaya, James Sumner, ya tace wani enzayim daga wani irin wake ya nuna furotin ne, aka yi ta musu da shi shekaru kafin a ba shi kyautar Nobel a 1946. Enzayim ɗin nasa shi ke farfasa yuriya, kuma irinsa na nan cikin ƙasar gonakinmu. Shi ya sa in ka watsa takin yuriya a sarari ba ka binne ba, wani kaso ke bin iska, kana jin warinsa. Malaman gona sun sha faɗa mani in riƙa binnewa, ina ce masu ni malamin kemistiri ne.

Misalina na dillali ban yar da shi ba, don har yanzu ina ganin ya yi. Na dai ƙara mashi jela. Yanzu in na zo layin nan na ƙasan allo, nakan shigo aji da kofi biyu na koko mai ɗumi da ruwan ɗanyen dankali. Rabi in zuba a kofi ɗaya yadda yake, rabi in tafasa shi tukuna in zuba a ɗayan, mu ajiye a kan tebur mu ci gaba da darasi. Kafin a buga ƙararrawa ɗaya ya saki, ɗaya na nan yadda yake. Shekarar farko da na yi haka, wani yaro a layin baya ya ɗaga hannu cikin ladabi, ya nuna mai kaurin, ya ce, "Malam, wannan shi ne irin na sunan?"

Bana aka sake yi mana haihuwa, mace. Ranar jajibiri na shigo gida bayan isha'i, na tarar da tukunyar nan a sauke tana tururi, ga ƙwarya a gefe da faifai a kai. A kan turmi ɗana ne zaune, wanda aka yi wancan kunu dominsa, riƙe da kara ya fi shi tsawo. Na matsa in gyara mashi hula, ya miƙe ya tare ni da karan.

Na ce, "Kai, ni ne fa, Babanka."

Ya ce, "Gwaggo ta ce awaki da kai."